Gwajin manhaja tana laif: ganganci ne ko ƙwarewa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni mai rubuta manhaja ne a wani ƙaramin kamfani a Kaduna, mu huɗu ne a sashenmu. Manhajarmu ta karɓar kuɗin makaranta ce da tura wa iyaye saƙon tes. Kwanaki mun yi musu da ogana. Na ce masa manyan kamfanoni irin su Netflix da Facebook suna gwaji a furodakshin, wato a kan manhajar da jama'a ke amfani da ita kai tsaye, mu ma ya kamata mu fara, tunda sau biyu ke nan abu yana wucewa lafiya a sitejin, wato wurin gwajinmu kafin saki, amma ya fashe bayan mun sake shi. Ya ce wannan ganganci ne, duk wanda ya taɓa furodakshin da sunan gwaji ya nemi wani aikin. Wa ya fi gaskiya a cikinmu?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. In na fahimce ka, tambayarka kashi biyu ce. Na farko, shin da gaske akwai kura-kuran da ba sa bayyana sai manhaja ta shiga hannun jama'a? Na biyu, in haka ne, ya dace ku huɗun nan ku riƙa gwaji da gangan a kan manhajar da iyayen yara ke biyan kuɗi ta cikinta? Amsar ta farko e ce, babu ja. Ta biyun kuwa, a halin da nake zaton kuke ciki yau, oganka ya fi ka kusa da gaskiya. Sai dai hujjarsa ba ta cika ba, kuma in ya tsaya a inda ya tsaya, abin da ya same ku sau biyu zai sake samunku na uku.

Bari mu fara daidaita kalmomi, don rabin musun daga nan ya taso. A yawancin wuraren aiki manhaja tana da gida uku. Akwai kwamfutar mai rubutun, inda yake gini yana rushewa yadda ya ga dama. Akwai sitejin, wanda aka gina ya yi kama da na gaske, amma mutanen cikinsa na bogi ne, kuɗin ma haka. Sai furodakshin, ko laif kamar yadda muke cewa a bakin aiki, inda kowane layi a rumbun bayanai yake da mai shi. Da oganka ya ji an ce gwaji a furodakshin, abin da ya zo masa a rai shi ne yaro ya shiga uwar garke, wato babbar kwamfutar da manhajar ke zaune a kanta, da tsakar dare, ya sauya kod, wato rubutun umarnin manhajar, kai tsaye, ya danna ya ga me zai faru. Wannan kam ganganci ne, ni ma in na kama mutum yana yi sai mun zauna. Kai kuma abin da ka gani a wurin su Netflix tsari ne na sakin sabon abu kaɗan-kaɗan ana sa masa ido, bayan an gama duk gwaje-gwajen da aka saba. Har masu yaɗa wannan ra'ayi, irin su Charity Majors ta kamfanin Honeycomb, ba cewa suke a daina gwaji kafin saki ba. Cewa suke gwajin kafin saki yana da iyaka, kuma mutane suna zuba duk ƙarfinsu a kansa su bar ɗaya ɓangaren babu tanadi.

Me ya sa sitejin yake yaudara

Na taɓa aiki a kan manhajar wata ƙungiyar adashi ta ma'aikata, mai fitar da rasit da tura wa mambobi tes duk ƙarshen wata. Mun gwada ta a sitejin har muka gaji. Sunayen da muka zuba a ciki irin na kasala ne, Musa Musa, Ali Ali, Bala Bala. Ranar da ta tafi laif, kafin azahar sakataren ƙungiyar ya kira ni ya ce rasit ɗin wasu mambobi ya ƙi fita. Na ce ya karanto mini sunayensu. Ya fara: Sa'adatu, Mu'azu, Isma'il, Rabi'atu. Bai kai na biyar ba na dafe kai. Wannan 'yar alamar da ke tsakiyar sunan ce take karya umarnin da muke aika wa rumbun bayanai, kuskuren da ɗalibin shekarar farko ya san maganinsa, amma babu Sa'adatu ko ɗaya a sitejinmu. Ba mu gama farfaɗowa ba kuɗin tes ya zo ninki uku na abin da muka lissafa. Saƙon tes na yau da kullum yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar ƙ ko ɗ ko ɓ ta shiga ciki, sai a koma wani tsarin rubutu mai ɗaukar 70 kacal, saƙon da muke ƙirgawa ɗaya ya rabu uku. A sitejin ba ma tura tes na gaske, a fayil muke rubuta shi mu duba da ido, shi kuwa fayil ba ya cajin kowa.

Na ba ka labarin nan ne don ka yi wa kanka tambayar da ban yi wa kaina ba a lokacin. Waɗannan kura-kurai biyu, furodakshin ne ya tona su, amma ba sai a furodakshin za a iya ganinsu ba. Da mun zuba sunaye irin na mutanenmu a sitejin, da na farkon bai kai ga sakatare ba. Saboda haka kafin ka koma wurin oganka, ka ɗauko abubuwa biyun da suka fashe muku ka duba da gaskiya: sitejin ne ya gaza, ko ku ne kuka gaza ciyar da shi? A abin da na gani, yawancin abin da ƙananan kamfanoni ke kira "sai a laif ake gani" kasalar gwaji ce kawai.

Amma akwai ragowar da ko ka fi kowa himma ba za ka kwaikwaya ba. Kamfanonin karɓar kuɗi irin su Paystack da Flutterwave suna ba ka mabuɗin gwaji da katunan bogi, kuma suna da amfani ƙwarai, sai dai a can komai yana amsawa cikin ladabi. A laif ne za a cire wa uba kuɗi, sanarwar biyan ta makara, ya ga shafi bai motsa ba ya sake dannawa, sannan sanarwar ta iso sau biyu. A laif ne mutum yake buɗe shafinku da tsohuwar wayar da ta cika, a unguwar da netwok ke zuwa yana tafiya. A laif ne rumbun bayanai ya tara kayan shekara huɗu, tambayar da ake aika masa take dawowa da amsa cikin ƙiftawar ido a sitejin ta koma daƙiƙa 40. Sannan ga cunkoso. Ka tuna farkon 2023 lokacin ƙarancin takardun naira, da kowa ya koma tiransifa rana ɗaya, yadda manhajojin bankuna suka riƙa sarƙewa. Ku ma kuna da irin taku ranar, makon komawa makaranta. Mutanen Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ba sa sakin sabon iri don ya yi kyau a gonar gwajinsu kaɗai, sai an kai shi gonakin manoma an ga yadda zai yi da ƙasarsu da ruwansu da sakacinsu. Amma kuma ba a cewa manomi ya shuke gonarsa duka da shi a damina ta farko.

Duk saki gwaji ne

Nan ne oganka ya yi kuskure. Yana ganin in ya hana gwaji a furodakshin, to ba a yi. Alhali duk ranar da kuka ɗora sabon kod, a ranar ne yake haɗuwa da bayanai na gaske da cunkoso na gaske karo na farko, kuma babu wanda ya san tabbas me zai faru. Gwajin ke nan, ko an kira shi da sunan ko ba a kira ba. Bambancin kawai, ku kuna yinsa a kan dukkan makarantunku lokaci guda, kuma mai ba ku sakamakon shi ne shugaban makarantar da ya kira yana faɗa.

Dubi abin da ya faru ranar Juma'a 19 ga Yuli 2024. Kamfanin CrowdStrike na Amurka, mai sayar da manhajar tsaro, ya tura wani ɗan fayil na sabuntawa ga kwamfutocin abokan cinikinsa masu Windows. Fayil ɗin ya wuce na'urar tantancewarsu, don ita kanta tana da kuskure. Aka sake shi ga kowa a tare. Cikin minti 78 suka gane suka janye shi, wanda a wannan sana'a sauri ne, amma kafin nan ya riga ya shiga kwamfutoci kusan miliyan 8.5 a ƙiyasin Microsoft. Jirage suka tsaya, asibitoci da bankuna suka koma takarda, kuma yawancin kwamfutocin sai da mutum ya je gabansu ya goge fayil ɗin da hannu. Cikin gyaran da kamfanin ya yi alƙawari daga baya har da sakin irin wannan fayil mataki-mataki, a fara da 'yan kwamfutoci kaɗan. Ka ga maganin da suka koma gare shi shi ne abin da oganka yake kira ganganci.

Akwai wanda ya girme shi, kuma ya fi kama da irin kuskuren da ƙaramin kamfani zai yi. Ranar 1 ga Agusta 2012 kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital ya fara aiki da sabon kod. Uwayen garkensu takwas ne, ma'aikacin da ya ɗora kod ɗin ya sa a bakwai ya manta ɗaya, babu na biyun da ya duba. Sabon kod ɗin yana amfani da wani makunni da a da yake kunna wani tsohon kod da aka daina amfani da shi amma ba a goge ba. Da kasuwa ta buɗe, uwar garke ta takwas ta farkar da tsohon, ya shiga saye da sayarwa ba ƙaƙƙautawa. Cikin minti 45 suka yi asarar dala miliyan 440. Abin da ya fi ba ni tsoro a labarin shi ne, da suka rikice sai suka cire sabon kod daga sauran bakwai ɗin, abin ya ƙara muni, don yanzu duka takwas suna yin ɓarnar. Babu gwajin sitejin da zai kama wannan, tunda kod ɗin lafiyarsa ƙalau, wajen ɗorawar ne aka kuskure. A gida ma mun ga ɗan'uwansa. A jarrabawar JAMB ta 2025, shugaban hukumar Farfesa Ishaq Oloyede ya fito ya amsa cewa wani gyara da aka yi bai kai ga wasu uwayen garke ba, abin ya shafi ɗalibai kusan 380,000 a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas, sai da aka sake musu jarrabawa.

Abin da su Netflix suke yi a zahiri

Dabara mafi sauƙi sunan tsuntsu gare ta, kanari, wanda muke sawa a keji. A da, masu haƙar kwal a Ingila sun daɗe suna shiga rami da shi, don iska mai guba tana kayar da shi kafin ta kayar da mutum, in ya faɗi sai kowa ya fita. A manhaja, sai ka ba wa kashi 1 cikin 100 na masu amfani sabon kod, sauran suna kan tsohon, ka kwatanta su: yawan kuskure, saurin amsawa, yawan biyan da ya kammala. In lafiya ka ƙara zuwa 5, zuwa 25, har kowa. In ba lafiya ba ka janye, mutum 99 cikin 100 ba su ma san an yi ba.

Ƙanwarta ita ce makunni. Ana ɗora sabon kod a furodakshin amma a kashe, sai a kunna shi ga wanda aka zaɓa: ma'aikatan kamfani tukuna, sannan makaranta ɗaya, sannan biyar. Amfaninsa shi ne ya raba ɗora kod da buɗe shi ga jama'a, kuma kashewa ba ta buƙatar sabon saki, danna ɗaya ce. Sai dai ka riƙe darasin Knight, makunnin da ya gama aiki a cire shi tare da tsohon kod ɗinsa, kada a sake ba shi wani aikin.

Facebook sun yi wata dabara a 2008 kafin su buɗe sashen hira. Sun sa shafukan mutane suna tuntuɓar uwayen garken hirar a ɓoye, suna kwaikwayon aika saƙo, alhali babu abin da ya bayyana a allon kowa. Da haka suka auna ko kayansu za su ɗauki miliyoyin mutane tun kafin mutum ɗaya ya ga akwatin hirar. Netflix kuma suka je can ƙarshe. Bayan sun koma kan uwayen garken Amazon, sun rubuta wata manhaja mai suna Chaos Monkey, wato biri mai hargitsi, suka sake ta ga duniya a 2012, aikinta ta riƙa kashe injinansu na laif haka kawai. Mutane suna jin wannan su yi ta mamaki, amma su manta sharaɗin: a lokutan aiki take ɓarnar, injiniyoyi suna zaune a kujerunsu, kuma an riga an gina tsarin yadda in inji ɗaya ya mutu wani zai ɗauka. Sun san injin zai mutu wata rana ko ba biri, sai suka zaɓi ya mutu da hantsi maimakon ƙarfe uku na dare.

Duk dabarun nan a kan abu uku suke tsaye: kana ganin abin da ke faruwa nan take, kana iya taƙaita yawan waɗanda abin zai taɓa, kana iya komawa baya cikin mintuna. Wanda ba shi da su ya ce zai yi gwaji a furodakshin, sunan kawai ya ara. Ka kuma lura da abin da ake gwadawa. In Netflix ta kuskure, wani ya sake danna fim ɗinsa. In ku kuka kuskure, an kori yarinya daga aji ana cewa ubanta bai biya ba.

Inda oganka yake da gaskiya

Ni ma na taɓa ƙonewa, kuma da hannuna. A wannan manhajar adashin dai, mun rubuta sabon saƙo na tunatar da masu bashi. Na ce bari in gwada a laif, lambata da ta abokin aikina kawai zan tura wa, ai ba komai. Wajen ƙarfe 11 na dare ne. Sharaɗin da zai tace lambobin biyu na rubuta shi, amma a wani reshen kod ɗin da ban ɗora ba. Na danna, wayata ta yi ƙara, na ji daɗi. Sai na ga ƙirgen da ke allon bai tsaya a biyu ba. Kafin in kashe shi, mutane fiye da ɗari sun samu saƙon cewa ana binsu bashi, su biya cikin mako guda, har da wani dattijo da bai taɓa cin bashin ƙungiyar ba tun kafa ta. Kod ɗin na gyara cikin minti biyar. Dattijon kuwa sai da shugaban ƙungiya ya taka har gidansa. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba.

Layin da nake ja tun daga ranar shi ne: me zai faru in gwajin ya kuskure, ana iya mayar da shi ko ba a iya? Launin shafi, tsarin maɓallai, saurin bincike, duk ana mayarwa. Tes da ya fita ya fita. Kuɗin da aka cire daga asusun mutum, ko an mayar masa bayan kwana uku, ya riga ya kwana da baƙin ciki. Bayanan da aka goge ko aka cakuɗa sun fi duka wuya. A jihar Hawaii ta Amurka, ranar 13 ga Janairu 2018, ana cikin atisaye wani ma'aikaci ya tura wa wayoyin jama'a gargaɗin cewa makami mai linzami yana tafe, kowa ya nemi mafaka. Sai bayan minti 38 saƙon gyara ya fita, don an tanadi hanyar tura gargaɗi amma ba a tanadi ta janye shi ba.

Kada kuma ka yarda da cewa gwajin da ba ya taɓa komai ba shi da haɗari. Ranar 2 ga Yuli 2019 Cloudflare, wanda shafukan intanet masu ɗimbin yawa ke bi ta cikinsa, ya ɗora wata sabuwar ƙa'idar tace zirga-zirga a yanayin kwaikwayo, wato ta duba ta rubuta abin da ta gani amma kada ta tare kowa. Ba ta tare kowa ba kuwa, sai dai duban da take yi ya cinye ƙarfin injinansu gaba ɗaya a duk duniya, shafuka suka faɗi na minti 27.

Akwai kuma batun haƙƙi, wanda masu sana'armu ba su cika son a tayar ba. A Janairun 2012 Facebook ya yi mako guda yana sauya abin da mutum 689,003 ke gani, wasu a rage musu labarai masu daɗi, wasu a rage marasa daɗi, don a ga ko yanayin rubutunsu zai sauya. Da aka wallafa sakamakon a 2014 duniya ta yi musu ca, domin babu wanda aka tambaya. Gwada ko manhaja tana aiki daban, gwada mutane daban. Ku da kuke riƙe da sunayen yara da lambobin iyayensu, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 tana kanku. Wannan ya shafi har dabarar da wasu ke ganin ita ce mafita, ta kwashe rumbun bayanan laif a zuba a sitejin don ya yi kama da gaske. In za ku yi haka, a sauya sunaye da lambobin waya tukuna, in ba haka ba wata rana sitejin ne zai tura wa iyaye tes.

Da ni ne a kujerarka

Ba zan koma wurin oga da kalmar gwaji a furodakshin ba, ta riga ta ɓaci a kunnensa. Zan tambaye shi ne: ranka ya daɗe, in muka saki abu yau ya fashe, minti nawa za mu yi kafin mu sani, kuma minti nawa kafin mu koma tsohon? In amsar ita ce sai an kira mu, kuma sai wane ya zo, to kun samu aikin wata uku, kuma babu ogan da zai ƙi shi.

Farko ku samu ido. Kowane biya ya bar sawu daga danna maɓalli har fitar rasit, da lamba ɗaya da za a bi shi da ita, sannan a sa ƙararrawar da za ta buga wayar ɗayanku in biyan da ke faɗuwa ya wuce ƙima. Sai ku koyi komawa baya, ku yi ta maimaitawa har ya zama umarni ɗaya da kowane cikin ku huɗu zai iya bayarwa. Wurin da ake yawan faɗuwa a nan shi ne sauya fasalin rumbun bayanai: kod yana komawa baya, amma ginshiƙin bayanan da ka goge daga rumbun ba ya dawowa. Saboda haka a ƙara sabo tukuna, a bar tsohon yana nan har sai an tabbata, gogewa ta zo a wani sakin daban bayan makonni.

Ku gwada ajiyarku ma, wato kwafin bayanan da kuke adanawa don ranar ɓarna. Ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniyan GitLab, kamfanin da masu manhaja ke ajiye kod ɗinsu a wurinsa, a gajiye da dare, ya goge bayanai a kan rumbun laif yana zaton rumbu na biyu ne, mai riƙe da kwafi. Suna da hanyoyin ajiya har biyar, da aka je ɗaukowa babu wadda ta yi aiki yadda aka zata. Wani kwafi da aka ɗauka awa shida kafin nan don amfanin sitejin ne ya cece su, bayanan awa shidan kuma suka tafi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku ɗauki ajiyar jiya ku tayar da ita a wani inji daban ku ga ko za ta tashi, ko da sau ɗaya a wata.

Bayan wannan ne za ku fara abin da kake so, kuma a ƙaramin sikeli. Ku buɗe makarantar bogi guda ɗaya a cikin laif, mai alama a fili, wadda ba ta shiga lissafin kuɗi ko rahoton kowa, lambobin wayar cikinta naku ne. Bayan kowane saki ɗayanku ya biya naira 100 da katinsa na gaske, ya ga rasit ya fita, tes ya shigo. Katangar da za ta hana saƙon gwaji fita waje a gina ta a cikin sashen tura tes ɗin kansa, ya ƙi duk lambar da ba ta cikin jerin, kada ta dogara da mai gwajin ya tuna, ka ji abin da tunawa ta jawo mini. Kashi 1 cikin 100 kuma ba zai yi muku ma'ana ba in makarantunku 30 ne, don mutanen ba su kai a ga bambanci a lissafi ba. Kanarinku makaranta ɗaya ce da kuke da fahimta da ita, ku gaya wa mai ita gaskiya cewa ita za ta riƙa fara samun sabon abu, ku rage mata kuɗi in ya kama, ku ba akawunta lambar da zai kira kai tsaye. Ta yi kwana biyu ko uku lafiya, sannan saura. Kuma ba a saki ranar Juma'a da yamma, ba a saki a makon komawa makaranta.

Iyakar abin da na yi aiki a kansa manhajojin kuɗi ne da na saƙonni masu matsakaicin girma, shawarata a nan ta tsaya. Wanda ke rubuta kod na na'urar asibiti ko na jirgi, inda kuskure rai ne, ƙa'idojinsa daban ne kuma sun fi waɗannan tsauri nesa ba kusa ba. Manhajarku ma ban ganta ba, a kan abin da ka rubuto na yi magana. In ka samu dama ka turo mini bayanin abubuwa biyun da suka fashe, musamman ko sun taɓa kuɗi ko tes, da tsawon lokacin da kuka ɗauka kafin ku sani, sai mu duba wanne daga cikin matakan nan ya kamata ku fara da shi.